Edvard Munch: Mutumin da ya zana fuskar nan da kuke turawa a WhatsApp

Ku buɗe wayarku ku shiga wajen imoji. Akwai wata fuska rawaya mai shuɗin goshi, baki a wangale, idanu farare fat, hannaye biyu dafe da kumatu. Ita muke turawa idan aka ce an kafe sakamakon jarrabawa, ko kuɗin data ya ƙaru, ko wani ya saki maganar da bai kamata ta fito ba a guruf. Fuskar nan tana da kaka. An zana kakar tata a 1893, a kan kwali, a ƙasar Norwe da ke can arewacin Turai, kuma wanda ya zana ta ba raha yake yi ba. Sunansa Edvard Munch. A rubuce Munch ne, a baki kuwa Munk ake cewa, don haka da Munk za mu ci gaba da kiransa.

Gidan da tibi ya yi wa ɓarna

An haifi Munk ranar 12 ga Disamba, 1863, a yankin Løten. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa Christian likitan soja ne mai albashin da bai taka kara ya karya ba. Munk yana jinjiri iyalin suka koma babban birni, Kiristiyaniya, wanda tun 1925 ake kira Oslo, suka riƙa tashi daga wannan gidan haya zuwa wancan a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi.

A wancan zamanin tarin fuka, wato tibi, ba shi da magani, kuma ya samu gidansu. A Disambar 1868 ya kashe mahaifiyarsu Laura, Munk bai daɗe da cika shekara 5 ba. Ƙanwarta Karen ce ta dawo gidan ta riƙe yaran, ita ce kuma ta fara ƙarfafa wa Munk gwiwa a kan zane. Yaron ba shi da ƙoshin lafiya. Da sanyi ya shigo sai ya kwanta, makaranta ta gagara, ya zauna a ɗaki da fensir da takarda.

A 1877 cutar ta dawo ta ɗauki yayarsa Sofi tana da shekara 15, shi yana da 13. A cikin 'yan'uwansa ita ce ta fi kusa da shi. A kan wata kujerar saƙa ta cika, kuma Munk ya adana kujerar nan har ƙarshen rayuwarsa. Yanzu haka tana cikin kayan gidan tarihinsa a Oslo.

Mutuwar matarsa ta canza mahaifin. Dama Kirista ne mai tsananin riƙo da addini, sai abin ya haɗu da damuwa. Yakan karanta wa yaran labaran fatalwa da dare, yakan kuma tuna musu cewa mahaifiyarsu tana kallonsu daga sama, tana baƙin ciki da duk laifin da suka yi. Daga baya ƙanwar Munk, ita ma Laura, ta kamu da taɓin hankali. Ƙanensa Andreas ya rasu a 1895, 'yan watanni bayan aurensa. Munk ya tashi da yaƙinin cewa ya gaji abu biyu a jininsa, tibi da hauka, kuma ɗayansu zai cim masa ko ba daɗe ko ba jima. Wannan tsoron ne ya bi shi har tsufa, yana kuma cikin abin da ya sa bai taɓa aure ba.

Zanen da aka yi wa dariya

A 1879 ya shiga kwalejin fasaha don ya zama injiniya, abin da mahaifinsa ke so ke nan. Shekara guda ya yi ya ajiye. A 1881 ya shiga makarantar zane ta birnin, daga baya ya koyi aiki a hannun Christian Krohg, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Norwe na lokacin. Ya kuma faɗa cikin wata tawagar matasa 'yan gaba-dai-gaba-dai da ke taruwa a mashaya, ƙarƙashin wani marubuci Hans Jæger, wanda ke zuga su cewa kowa ya rubuta rayuwarsa yadda take, ba rufa-rufa. Mahaifin Munk bai so wannan abota ba ko kaɗan.

Abin da ake yabo a lokacin shi ne zanen da ya yi kama da abin da ido ke gani, sumul, kowane yatsa da farcensa. A 1885 Munk ya fara wani zane da ya kira Yarinya Marar Lafiya: yarinya mai jan gashi jingine da farin matashi, wata mata a gefenta ta sunkuyar da kai, ta kasa kallonta. Innarsa Karen ce ta zauna masa a matsayin matar. Abin da yake nema shi ne ɗakin da Sofi ta rasu, yadda ya rage a ƙwaƙwalwarsa bayan shekara takwas. Kusan shekara guda ya yi yana shafa fenti, yana kankarewa, yana karce fuskar ƙyallen, yana barin fentin ya zubo kamar hawaye, har zanen ya zama dishi-dishi kamar abin da aka gani ta cikin idon da ya cika da ƙwalla.

Da aka baje shi a 1886, mutane suka taru a gabansa suna dariya. Masu sharhi a jaridu suka ce aikin bai ƙare ba, ƙazanta ce kawai, hannun yarinyar ma ba a gane shi. To amma a nan Munk ya gano hanyarsa. Tun da kyamara ta riga ta zo tana ɗaukar abin da ido ke gani, shi zai zana abin da zuciya ta ji. Sau shida ya zana yarinyar nan da fenti a cikin kimanin shekara 40, ban da bugaggun hotunanta.

A 1889 ya samu tallafin karatu daga gwamnati ya tafi Faris. Bai daɗe da zuwa ba mahaifinsa ya rasu, bai ma samu halartar jana'iza ba. A cikin wannan zaman makokin ya rubuta a littafinsa cewa ya gama da zanen maza suna karatu da mata suna saƙa a falo, daga yanzu sai mutanen da ke numfashi, suna so, suna shan wahala.

Mako guda a Barlin

A Nuwambar 1892 ƙungiyar masu zane ta Barlin, babban birnin Jamus, ta gayyace shi ya baje ayyukansa. Ya kai zane 55. Dattawan ƙungiyar suka duba, ransu ya ɓaci, suka ce wannan cin mutuncin sana'a ne. Aka kaɗa ƙuri'a, aka rufe baje kolin bayan mako guda kacal.

Wani da ya tattara ya koma gida yana cizon yatsa. Munk, yana ɗan shekara 28, daɗi ma abin ya yi masa, don a kwana bakwai jaridun Jamus sun yi masa tallan da kuɗi ba zai saya ba. Ya zagaya da zane-zanen wasu biranen, ya dawo Barlin ya kama zaure da kansa, ya sa kuɗin shiga, mutane suka yi ta tururuwa su ga abin da aka hana. A yaren yau, an yi masa ca ne, shi kuma ya mayar da ca ɗin mabiya. Ya zauna a Barlin shekaru, cikin marubuta irin su August Strindberg ɗan Suwidin, kuma a wannan tsakanin ya yi zane-zanen da aka fi saninsa da su, a kan so, kishi, fargaba da mutuwa. Ya ɗauke su a matsayin jeri guda mai ba da labarin rayuwar ɗan Adam daga farko har ƙarshe.

Wa ke ihun?

Zanen da ya fi shahara sunansa Skrik da yaren Norwe, wato Ihu. Munk ya rubuta asalinsa a littafinsa a Janairun 1892. Wata rana da yamma yana tafiya da abokansa biyu a kan hanya, ana hangen gari da mashigin teku a ƙasa. Rana tana faɗuwa, sama ta rine ja kamar jini. Gajiya ta kama shi, ya tsaya ya jingina da shinge, abokan suka yi gaba abinsu. Jikinsa ya hau ɓari don fargaba, sai ya ji kamar wata ƙara marar iyaka tana ratsa duniya gaba ɗaya. Wurin da ke cikin zanen tudun Ekeberg ne, a gefen Oslo.

Ku nemo hoton ku duba da kyau. Hannayen nan ba a kumatu suke ba, a kunnuwa suke. Mutumin yana toshe kunne ne don kada ya ji ƙarar da sama da ruwa da tuddai ke yi, ga su nan duk sun lanƙwashe suna juyawa. A bayansa, can nesa a kan hanyar, mutum biyu suna tafiyarsu a miƙe, ba su ji komai ba. Duk wanda fargaba ta taɓa rufe shi a tsakiyar jama'a, kirji na bugawa, kowa na harkarsa, ya san wannan wurin.

Munk ya yi zanen har sau huɗu da launi tsakanin 1893 da wajejen 1910, biyu da fenti, biyu da alli mai launi, duka a kan kwali. A kusurwar sama ta hagu ta na 1893 akwai wani ɗan ƙaramin rubutu da fensir, mai cewa sai dai mahaukaci ne zai zana wannan. Shekaru da dama ana zaton wani ɗan kallo ne ya yi ɓarna. A 2021 gidan tarihin ƙasa na Norwe ya duba rubutun da kyamara ta musamman, ya gwada shi da wasiƙun Munk, ya tabbatar rubutunsa ne. Masu binciken sun danganta shi da 1895, lokacin da aka nuna zanen a garinsu, wani ɗalibin likitanci ya miƙe a taron ɗalibai ya ce mai wannan zane ba shi da cikakken hankali. Ga mutumin da ƙanwarsa ke fama da wannan lalura, maganar ta soke shi a inda ya fi ciwo, ya daɗe yana komawa kanta a rubuce-rubucensa.

Tagulla, dutse da katako

Munk yana da wata matsala: ba ya son rabuwa da zanensa. 'Ya'yansa yake kiransu. In ya sayar da ɗaya, sau da yawa sai ya sake zana wani ya ajiye. Ga shi kuma yana buƙatar kuɗi. Mafitar da ya samu a 1894 ita ce buga hoto, wato a yi zane sau ɗaya a kan wani abu mai tauri, a shafa tawada, a danna takarda, a fitar da kwafi da yawa.

Hanya uku ya ƙware a kai. Ta farko, a karce zanen da ƙarfe mai tsini a kan farantin tagulla, tawada ta shiga cikin karcen, injin ya matse ta ta fito a takarda. Ta biyu ta dutse ce. Ana zane a kan shafaffen dutse da fensir mai maiƙo, a jiƙa dutsen da ruwa, a bi da tawada mai mai. Tun da ruwa da mai ba sa shiri, tawadar tana kama inda fensirin ya bi ne kawai. Da wannan hanyar ya buga Ihu da baƙi da fari a 1895, wata mujalla a Faris ta ɗauka ta buga, fuskar ta fara yawo a duniya.

Ta uku ita ce katako, wadda ya fara a 1896, kuma a nan ya kawo dabarar da ake tunawa da shi a kanta. Ana sassaƙa katako ne kamar yadda masu yin hatimi ke yi: a cire inda ba a so, inda ya rage ya ɗauki tawada. Da can in ana son launi uku, sai an sassaƙa katako uku, a buga sau uku, ana fama da daidaita su. Munk sai ya ɗauki zarto ya yanka katako guda gunduwa-gunduwa, teku daban, ƙasa daban, mutum daban. Ya shafa wa kowane yanki launinsa, ya mayar ya haɗa su, ya buga sau ɗaya. Ba ya ma ɓoye jijiyar katakon. A hotonsa mai suna Sumba, layukan icen ne suka zama bango, mace da namiji kuma fuskokinsu sun narke sun zama ɗaya. Matasan masu zane na Jamus da suka taso bayansa, waɗanda suka kafa salon fitar da abin da ke cikin zuciya ko da siffa za ta karkace, sun ɗebi abu mai yawa daga waɗannan hotunan.

Wata takwas a asibiti

Suna yana ƙaruwa, rayuwa tana wargajewa. A 1898 ya haɗu da Tulla Larsen, 'yar wani attajirin mai sayar da giya. Ita tana son aure, shi yana gudu. A 1902, suna cikin rigima a ɗan gidansa na bakin teku a Åsgårdstrand, bindiga ta tashi, harsashi ya farfasa masa yatsan tsakiya na hannun hagu. Soyayyar ta mutu a nan. Akwai wani zane da ya yi na su biyu tare, ya sa zarto ya raba shi biyu.

Daga nan sai shan giya ya yi yawa, faɗa a bainar jama'a, zargin cewa ana bibiyarsa, jin muryoyin da babu su. A kakar 1908, a Kofenhagen babban birnin Danmak, jiki da ƙwaƙwalwa suka ce sun gaji. Abin da ya yi ta tsoro tun yana yaro ya iso. Sai ya kai kansa asibitin wani likitan ƙwaƙwalwa, Daniel Jacobson, ya kwanta wata takwas. Hutu, abinci mai kyau, rabuwa da kwalba, da wani magani na lantarki mai sauƙi da ake yayi a lokacin. Ya mayar da ɗakinsa wurin aiki, ya zana likitan da ma'aikatan jinya. Yana kwance a can ƙasarsa ta ba shi lambar girma ta St. Olav.

Munk ya daɗe yana ganin cewa ciwonsa da fasaharsa a haɗe suke, in aka cire ɗaya ɗayan zai tafi. Har yau akwai masu wannan tunanin, cewa mai basira sai da damuwa, magani kuma yana kashe baiwa. Ga abin da ya faru da shi. Ya fito a 1909 ya koma Norwe, ya shiga gasar ƙawata babban zauren taro na jami'ar birnin, ya ci bayan doguwar jayayya. Zane 11 ya yi, aka kafa su a 1916. Na tsakiyar sunansa Rana, faɗinsa ya kusa mita 8: rana tana fitowa daga teku, haskenta ya cika bango. Hannun da ya zana faɗuwar rana mai kama da jini shi ya zana wannan. A 1912 kuma, a wani babban baje koli a birnin Kolon na Jamus, an ware masa ɗaki guda, aka jera sunansa da su Van Gogh, Gauguin, Cézanne da Picasso.

Ekely

A 1916 ya sayi wata gona mai suna Ekely a gefen Oslo, a nan ya zauna har ƙarshe, shi da karnukansa da 'ya'yan nasa na ƙyalle. Yakan bar zane a waje ruwa da ƙanƙara su dake shi, a ganinsa hakan yana gyara shi. Ya zana manoma, dawakai, leburori suna dawowa daga aiki. Ya kuma ci gaba da bin diddigin kansa. Lokacin annobar murar da ta kashe miliyoyi a duniya, ya zana kansa a 1919 zaune a kujera, a rame, bargo a cinya. A 1930 jijiyar jini ta fashe a idonsa na dama, sai ya zauna yana zana inuwar da ke gilmawa a cikin idon. A shekarar ce kuma ya riƙa miƙa hannu da ƙaramar kyamara yana ɗaukar fuskarsa ta gefe da ta gaba. Hoton ɗauki-kanka ke nan, tun kafin a haifi kakannin wasunmu.

Jamus, wadda ta rufe masa baje koli a 1892, ta shirya masa gagarumin biki a gidan zane na ƙasa da ke Barlin a 1927, da zane sama da 200. Bayan shekara 10 kuma gwamnatin Hitila ta ce irin wannan zane lalatacce ne, ta cire ayyukansa 82 daga gidajen tarihin Jamus. A Afrilun 1940 sojojin Nazi suka mamaye Norwe. Munk, yana da shekara 76, ya ƙi hulɗa da su, ya zauna cikin fargabar za su zo su kwashe masa aiki. A shekarar ya rubuta wasiyya ya bar wa birnin Oslo duk ayyukan da ke hannunsa.

Ɗaya daga cikin zanensa na ƙarshe shi ne nasa na kansa: tsoho a tsaye, hannaye a sake, gado a gefe guda, dogon agogo marar hannu a ɗaya gefen. A Disambar 1943, mako guda bayan ya cika 80, makaman Jamusawa suka fashe a tashar jiragen ruwan Oslo, tagogin gidansa suka tarwatse, sanyi ya kama shi. Ya rasu ranar 23 ga Janairu, 1944. 'Yan Nazin da suka kira aikinsa lalatacce su ne suka karɓe shirya jana'izarsa, don a ɗauka nasu ne.

Bayan ransa

Abin da aka samu a gidansa ya ba kowa mamaki: zanen fenti sama da 1,000, zanen hannu a takarda sama da 4,000, bugaggun hotuna sama da 15,000. Da su aka buɗe gidan tarihinsa a 1963, wanda ya koma sabon gini mai hawa 13 a bakin ruwan Oslo a 2021. Hotonsa ya yi shekaru a kan takardar kuɗin Norwe ta kurona 1,000.

Ihu kuwa bai huta ba. Ranar 12 ga Fabrairu, 1994, ranar da Norwe ke buɗe gasar Olamfik ta lokacin sanyi, ɓarayi suka kafa tsani suka fasa taga suka ɗauke na 1893 cikin ƙasa da minti guda, har da barin 'yar takarda ta godiya kan sakacin masu gadi. An gano shi a watan Mayu. A Agustan 2004 'yan fashi da bindiga suka shiga gidan tarihin Munk da rana tsaka suka ɗauke ɗaya na fentin, sai 2006 aka same shi, da tabon danshi a kusurwa wanda har yau bai fita ba. A Mayun 2012 aka yi gwanjon na 1895 a Sotheby's a Amurka, aka saye shi dala miliyan 119.9.

Yawancin mutane a kan kwalin nan na 1893 suka tsaya da saninsa, kamar rayuwarsa ta ƙare a jikin wancan shingen. Shekararsa 29 lokacin. Ya ƙara shekara 50 a duniya, 35 daga ciki bayan ya fito daga asibitin Kofenhagen, kuma mafi yawan zanen fentin da ya bari a cikinsu ya yi su. In kun gama kallon Ihu a wayarku, ku nemo Rana ku ajiye su gefe da gefe.